Lambar Yabo Da Keken Aro

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa ba wanda yake ganin laifin al'adar nan da jihohin ƙasar nan suka ɗauka ta shirya bikin karrama 'yan wasa duk sa'ad da aka komo daga wata babbar gasa. Akan kama babban ɗakin taro, a jera kujeru, a gayyato sarakuna da kwamishinoni, makaɗa su yi ta kiɗa har Mai Girma Gwamna ya iso, sa'an nan a shiga kiran suna. 'Yan ƙwallon ƙafa su ne kan gaba, su ne kuma masu samun tafi mai ƙarfi. 'Yan guje-guje da 'yan dambe su biyo baya. Can wajen ƙarshe, lokacin da manyan baƙi suka fara duban agogo, masu ɗaukar hoto kuma suka fara naɗe kayansu, sai a kira ƙungiyar tseren keke, in ma har an tuna da ita. Su fito su huɗu ko su shida, ramammu, rana ta ƙone su, a miƙa musu takardar yabo da ambulan, a ce su koma su zauna.

Tambayar da wannan fili yake son ajiyewa gaban ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni ta Jihar Nasarawa, da takwarorinta na sauran jihohin Arewa, ita ce: me ya kamata a miƙa wa ɗan tseren keke ran da aka kira shi gaban jama'a? Tambayar kamar ƙarama ce, amma abin da ya faru a birnin Faris cikin 1924 sau ɗari bai kai nauyin abin da ya faru can cikin watan Agusta na 2024 ba ga mai kishin ƙasar nan, domin a wannan karon ne Nijeriya ta je wasannin Olimfik da 'yar tseren keke, ta kuma dawo da abin kunya wanda keke ne sanadinsa.

Ga yadda abin ya kasance. Cikin watan Fabrairu na 2023, a birnin Ankara na ƙasar Gana, wata yarinya 'yar Jihar Delta mai suna Ese Ukpeseraye ta cinye tseren kan titi na mata a gasar zakarun Afirka. Wannan nasara ce ta ba ta damar zuwa Faris, ta zama mutum na farko daga Nijeriya, namiji ko mace, da ya hau keke a wasannin Olimfik. Ran 4 ga Agusta ta shiga tseren kan titi na kilomita 158, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Kristen Faulkner ta cinye. Ese ba ta kai ƙarshe ba, kuma wannan ba abin zargi ba ne, gama a irin wannan tsere wanda aka bari a baya da nisa fitar da shi ake yi. Daga nan sai aka ba Nijeriya wani gurbi da ya faɗi a tseren cikin fili. To, a nan gizo ya yi saƙa. Keken da ake hawa a kan titi ba shi ake hawa cikin fili ba, ita kuwa ba ta da na filin. Mutanen Jamus suka ara mata nasu, ta hau, ta kuma fito fili ta yi musu godiya. Wannan godiya ita ce ta tona asiri. Ministan wasanni na lokacin, Sanata John Enoh, ya yi bayani cewa gurbin ya zo ne a ƙurarren lokaci, kuma samun irin wannan keke da hukumar duniya ta amince da shi yakan ɗauki watanni. Bayanin yana da kamshin gaskiya. Amma jama'a sun ji an ce an ware naira biliyan 12 domin wasannin Olimfik da na naƙasassu, sun ga 'yan wasa 88 sun je sun komo ba ko lambar tagulla ɗaya, sa'an nan ga zancen keken aro. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Cikin watan Oktoba na wannan shekara aka rushe ma'aikatar wasanni ta tarayya, aka mai da aikin hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Malam Shehu Dikko.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan bambancin kekunan nan, domin a nan ne yawancin masu rabon kyauta suke tuntuɓe. Keken cikin fili ba shi da birki, ba shi da giya sai guda, kuma fedarsa a ɗaure take da tayar baya, watau muddin taya tana juyawa ƙafar mahayi ma tana juyawa. Filin kansa da'ira ne mai gangare kamar cikin akushi, zagaye ɗaya mita 250 a manyan gasa. Ɗaya daga cikin tseren da Ese ta shiga, wanda ake kira keirin, daga Japan ya samo asali cikin 1948: babur ne yake shiga gaba yana jan mahaya, yana ƙara wuta sannu a hankali har gudu ya kai kilomita 50 a awa, sai ya ratse gefe, a bar su su yi ta kansu a zagaye uku na ƙarshe. Keken kan titi kuwa yana da birki da giya iri-iri saboda hawa da gangara, kuma dokar Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wadda aka kafa cikin 1900, ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8. Mai karatu ya auna wannan da baƙin keken nan na gidan kowa, wanda ya kusa kilo 20 ko ba a ɗora masa kome ba. Keken manyan 'yan tsere na duniya yakan haura dala 10,000. Na mai koyo, wanda za a iya shiga gasar jiha da shi ba a ji kunya ba, ana samunsa wajen dala 1,000.

Sayen keken ma shi ne mai sauƙi. Sarƙa tana cinyewa bayan 'yan dubban kilomita, taya tana suɗewa, birki yana ƙarewa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake samu wurin mai faci na bakin kasuwa. Manyan 'yan tsere sukan yi tafiyar kilomita 25,000 zuwa 30,000 a shekara tsakanin horo da gasa. Ko rabin wannan yaro ya yi, sai ya canja sarƙa sau da yawa kafin shekara ta juyo, ga shi kuma cinsa ya ninka na ɗan'uwansa da ke zaune a shago. Saboda haka ambulan ɗin da aka miƙa masa ranar biki, in ya biya bashin mai shayi, ya kai wa mahaifiyarsa abin cefane, ya sayi taya biyu, shi ke nan ya ƙare. Bayan wata uku za a same shi ya jingine keke ya karɓi babur ɗin haya, domin acaɓa tana ba da na tuwo kullum, tsere kuwa sai shekara shekara.

Akwai ƙasar da ta taɓa fuskantar wannan tambaya ta ba da amsa mai kyau, ita ce Ruwanda. Cikin 2007 wani Ba'amurke, tsohon ɗan tsere mai suna Jock Boyer, ya tattara wasu samari ya kafa ƙungiyar ƙasa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna a ƙungiyar daga baya da keken haya ko na dakon kaya suka fara. Ɗaya daga cikin na farkon, Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa da dama a kisan kiyashin 1994, shi ne ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin Olimfik na Landan cikin 2012. Cikin 2014 sai Valens Ndayisenga ya cinye gasar zagaya Ruwanda, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya yi haka tun da gasar ta shiga jerin na duniya cikin 2009. Shugaba Paul Kagame ya karɓi ƙungiyar domin ya yaba mata, abin da ya yi musu alkawari kuwa shi ne sababbin kekunan tsere irin na zamani, aka kuma kawo su cikin 2015. A shekarar Jean Bosco Nsengimana ya ci. Cikin 2016 Ndayisenga ya sake ci, 2017 Joseph Areruya, 2018 Samuel Mugisha. Shekara biyar a jere kofi bai bar gida ba.

Ba wai a can ma kome ya tafi sumul ba ne. Ana gab da fara gasar 2015 ɗin nan, 'yan ƙungiyar sun fice daga sansaninsu na Musanze a kan maganar kuɗi, sai da aka sasanta suka komo. Sa'an nan da aka ɗaga darajar gasar cikin 2019, manyan ƙungiyoyin waje suka fara zuwa, daga wannan shekara har 2025 ba ɗan Ruwanda da ya sake ɗaukar kofin. Mutanen Iritiriya suka ɗauka sau huɗu, Turawa suka ɗauki sauran. Duk da haka, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 15 ba ita ce ta karɓi gasar zakarun duniya ta tseren kan titi cikin watan Satumba na 2025, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Tseren maza a Kigali ya haura kilomita 267, hawa a kan hawa, har mutum 30 kaɗai suka kai ƙarshe, Tadej Pogačar na Silobeniya ya zo na ɗaya.

Abu na biyu da masu rabon kyauta ba su cika lura da shi ba shi ne cewa tseren keke, ko da yake mutum ɗaya ne yake tsallake layi, wasan ƙungiya ne kamar ƙwallo. Babban abokin gaban mahayi shi ne iska. Wanda ya laɓe bayan wani, tayarsa ta gaba kusa da tayar bayan ɗan'uwansa, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Don haka ƙungiya takan zaɓi mutum ɗaya da take ganin zai iya ci, sauran su zama masu yi masa hidima. Su ne suke shiga gaba bi da bi suna sare masa iska. Su ne suke komawa baya wurin mota su ɗebo gorunan ruwa, su cusa cikin riga, su sake kutsawa gaba su raba. In wani ya tsere daga ayari su ne za su bi shi har su kamo shi, in kuma tayar jagoransu ta fashe, ɗayansu zai sauka ya ba shi nasa keken, shi ya tsaya bakin hanya yana jiran mota. Zuwa lokacin da aka hango layin ƙarshe, waɗannan bayin Allah ƙarfinsu ya ƙare, sukan iso na talatin ko na hamsin, wani ma bai iso ba. A takardar sakamako ba su ci kome ba.

To, tsarin da aka saba da shi a nan shi ne mai zinariya kaza, mai azurfa kaza, mai tagulla kaza, wanda bai samu lamba ba Allah ya ba da sa'a gaba. In aka bi wannan a tseren keke, an koya wa yara ke nan cewa wanda ya sare wa ɗan'uwansa iska wawa ne, kuma a gasa ta gaba kowa kansa zai yi wa, jihar da ta iya haɗa kai ta wuce su duka. Faransawa sun daɗe da gane wannan. A gasarsu ta zagaya Faransa, wadda wata jarida ta ƙirƙiro cikin 1903 domin ta ƙara kasuwa, wanda ya ci yakan samu yuro 500,000, amma al'ada ta hana shi ya sa a aljihu. Zubawa ake yi a asusun ƙungiya a raba da abokan hawansa bakwai da makanikai da masu tausa. Har wanda ya zo na ƙarshen ƙarshe suna da sunan girmamawa da suke kiransa da shi, watau jar fitila, irin wadda ake ratayawa a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa, domin gama kwana 21 na hawa a tafiyar da ta haura kilomita 3,000 ba wasan yara ba ne. Ranar karramawa a Lafiya, in an kira ƙungiya, a kira ta gaba ɗaya har da mai gyara, a kuma raba abin da za a raba yadda mai ɗauko ruwa ba zai koma gida yana cizon yatsa ba.

Wani zai ce, ina ruwan Shabu da tseren keke, wasan Turawa? Wanda ya faɗi haka bai tsaya bakin titin Shabu da sassafe ba. Garin yana kan hanyar da ta fita daga Lafiya ta yi arewa zuwa Nasarawa Eggon da Akwanga, kuma duk da yawan babura har yanzu akan ga mai keke ya fito daga ƙauye da doya ko rogo ko buhun gawayi a kariya, nauyin da ya kusa nasa, yana taka feda a tsaye, ba giya, ba hular kwano, ƙafa da silifa. Wannan ƙarfin cinya da wannan numfashi su ne jarin da Ruwanda ta fara da shi. A Iritiriya Italiyawa ne suka kai keke zamanin mulkin mallaka, 'yan ƙasa suka karɓe shi ya zama nasu, har ɗansu Biniam Girmay ya ci zango uku a gasar Faransa ta 2024 ya kuma ɗauki koriyar riga ta gwanin gudu, abin da baƙar fatar Afirka bai taɓa yi ba. Nan kusa kuma Burkina Faso, wadda ba ta fi Arewacin Nijeriya arziki ko sanyin rana ba, tana gudanar da gasar zagaya ƙasarta tun 1987, zamanin Thomas Sankara, kuma 'ya'yanta suna cinye baƙi a cikinta, kamar Mathias Sorgho cikin 2018 da Paul Daumont cikin 2023.

Keke kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Dattawa suna tune da zamanin En'e, lokacin da ake yanka wa keke lasin, ɗan doka kuma yana kama mai goyo da mai tafiya da dare ba fitila. Malamin makaranta da malamin gona da na asibiti duk da keke aka san su, mai haya yana da daraja a unguwa, yaro kuwa yakan tara kwabbansa domin ya hau na minti goma. Kamfanin Raleigh na Ingila ya ga kasuwar ta isa har ya kafa masana'anta a Kano. Abin da ya fara karya darajar keke shi ne kuɗin Udoji na 1975, da ma'aikata suka ga kuɗi a dunƙule suka koma babur da mota. Acaɓa ta biyo baya, baburan Sin masu araha suka cika gari, daga ƙarshe ma har sunan aka ƙwace, domin yau in mutum ya ce keke a tashar Lafiya mai ƙafa uku za a tsayar masa. Hawan keke ya zama alamar rashi. Cikin 2001 ministan sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin dawo da martabarsa, ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin rami yana hanyar zuwa taron majalisar ministoci, 'yan jarida suka samu abin dariya na wata guda. Abin da wa'azin minista ya kasa yi, janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023 ya yi wani ɓangare nasa, domin tun daga lokacin mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Abin da Shabu take da shi wanda garuruwa da yawa ba su da shi shi ne titi. Hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 200, wani kamfanin ƙasar Sin ya mai da ita tagwaye, aka kuma fara karɓar kuɗin wucewa a kanta cikin 2025. Daga Lafiya zuwa Akwanga kimanin kilomita 60 ne, kuma mai horar da 'yan tsere ba zai roƙi Allah abin da ya fi wannan ba: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daga Shabu ta Azuba inda za a koyi gudu da laɓewa bayan juna, sa'an nan duwatsun Eggon, da hawan nan da direbobi suka yi wa laƙabi da Turanci mai ma'anar "da yawa sun tafi" saboda yawan haɗarin da aka yi a kansa. Zuwa da komowa kilomita 120 ke nan, watau tsere cikakke. Sai dai fa titin nan shi ne na tireloli da tankokin mai masu zuwa Binuwai da ƙasar Gabas, ba a kuwa keɓe wa mai keke ko taku ɗaya a kansa ba. Sabon titi gudu yake ƙara wa direba. Uban da ya hana ɗansa fita horo a kan wannan hanya ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

Amfanin tagwayen hanya shi ne ana iya rufe hannu ɗaya na awa uku ranar wata Asabar, motoci su bi ɗayan. Wannan yana bukatar yardar Gwamnatin Tarayya da masu karɓar kuɗin hanyar, da jami'an kiyaye haɗura da 'yan sanda, kuma duk wannan aikin takarda ne da wayar tarho, ba na biliyoyi ba. A raba tseren gida biyu: na masu keken tsere, da na masu baƙin keken gida, kowa da irin abin hawansa, domin a rukuni na biyun nan ne za a tsinci yaran da ba wanda ya san da su. In Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, ya sa albarka, Sangarin Shabu ya ɗaga tutar tashi, 'yan kasuwar doya da riɗi suka sa kyauta, ba za a rasa 'yan kallo ba. Ƙauyen Okpekpe na Jihar Edo ba wanda ya san shi a waje kafin 2013, lokacin da aka fara tseren ƙafa na kilomita 10 a can. Yanzu 'yan Kenya da Habasha suna zuwa takanas.

Ga kuma filin tseren keke na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, bai kai kilomita 200 daga Lafiya ba. Ya yi shekaru a yashe, har wajen 2015 aka mai da shi rumbun ajiye murhunan girki da Gwamnatin Tarayya ta sayo. Hukumar tseren keke ta ƙasa a ƙarƙashin Cif Giandomenico Massari, wanda ya karɓi shugabanci cikin 2017, ta yi ƙoƙari aka dawo da shi bakin aiki, har aka yi gasar zakarun Afirka ta cikin fili a kansa cikin 2022. Duk jihohin ƙasar nan ba wadda ta fi Nasarawa kusa da wannan fili. Yaron Delta sai ya kwana a hanya kafin ya gan shi, na Lafiya kuwa ya yi sallar asuba a gida, ya yi horo, ya komo kafin magariba, in akwai motar da za ta kai shi.

Maganar mota ba ƙarama ba ce. Ran 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko ayarin Jihar Kano daga Bikin Wasanni na Ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura kaɗan su isa gida, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Lafiyayyar mota da direba biyu da inshora suna cikin karramawa, kuma kafin a tafi ake yin su.

Ba hassada ake yi wa 'yan ƙwallo ba. Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, tana da dalilin alfahari da Nasarawa Amazons da suka ci gasar mata ta ƙasa cikin 2013 da 2017, da Nasarawa United da ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale cikin 2016 da 2021. Haka nan ba wanda ya ji zafin abin da Shugaba Bola Tinubu ya ba Super Falcons bayan sun ci Maroko 3 da 2 cikin watan Yuli na 2025, watau kwatankwacin dala 100,000 kowace, da gida, da lambar girma ta ƙasa. Lissafi kawai ake yi: rabon 'yar wasa ɗaya daga cikinsu zai sayi keken koyo ɗari.

Sa'an nan abin da aka faɗa a bakin lasifika a cika shi. Cikin 1980, da Green Eagles suka ci kofin Afirka a Ikko, Shugaba Shehu Shagari ya ba su gidaje da motoci, suka kuwa karɓa da ƙuruciyarsu. 'Yan wasan da suka ci kofin cikin 1994 su ma an yi musu alkawarin gidaje, amma da yawansu sai cikin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a ba su, bayan shekara 27, wasu cikinsu, kamar Rashidi Yekini da Stephen Keshi, sun riga sun rasu. Chioma Ajunwa, wadda ta kawo zinariyar dogon tsalle daga Atlanta cikin 1996, ita ma sai 2021 ta karɓi makullin gida daga Gwamnatin Jihar Ikko. In haka ta sami waɗanda duniya ta san sunansu, ina ga yaron da ya zo na uku a tseren keke? Ɗan ƙwallo ma ya iya jira, ya ci gaba da buga ƙwallonsa a kowane fili. Ɗan tseren da aka yi wa alkawarin keke bana aka kawo baɗi waccan, ƙafarsa ta riga ta mutu.

Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda Janar Yakubu Gowon ya fara a Ikko cikin 1973 domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, Jihar Delta ce ta sake zuwa ta ɗaya a cikinsa a 2025, kuma an miƙa wa Jihar Inugu tutar karɓar na gaba. Akwai kuma wasannin matasa na ƙasa, na 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda aka fara cikin 2013. Tseren keke yana da lambobi da yawa a irin waɗannan bukukuwa: na kan titi, na tsere da agogo, na ɗaiɗai, na ƙungiya, na maza, na mata, alhali ƙwallon ƙafa da 'yan wasanta ashirin da wani abu zinariya ɗaya take kawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamishinan da yake son ya ga sunan Nasarawa ya ɗaga a allon lambobi, in zai rubuta kasafin bikin karramawa na gaba, ya rage kuɗin kujeru da na rumfa, ya sa keken tsere goma sha biyu, da akwatin sarƙa da taya na shekara guda, da albashin makanike ɗaya, da takardar neman izinin rufe hannu ɗaya na titi daga Shabu zuwa Akwanga.